BAHON RUWAN ƊUMI NA ZAMANI: TSADARSA BA A WAJEN SAYE TAKE BA

Duk mai duba tallar dillalan gidaje na Ikko da Abuja ba zai rasa cin karo da wata kalma ba, wadda akan jera ta tare da gareji da rijiyar burtsatse da ɗakin maigadi, watau Jacuzzi. Haka nan manyan otal-otal sukan ambace ta idan suna son nuna cewa ɗakunansu sun fi na maƙwabta. Daga nan ne sha'awar abin ta shiga zukatan waɗansu masu hannu da shuni, har ya zama mutum in yana gini yakan tambayi ɗan kwangila ko akwai wurin da za a kafa masa irinsa. Tambayar farko da kowa ke yi ita ce, nawa ne? Amsar da ɗan kasuwa zai bayar kuwa gaskiya ce, amma guntuwa ce, domin kuɗin da aka rubuta a jikin bahon shi ne mafi sauƙin abin da mai shi zai biya. Shi wannan kaya kamar doki yake. Ranar saye ranar murna ce, sa'an nan dawa da harawa da ladan yaron barga su biyo baya kullum.

Da farko ya kamata a rarrabe, gama abu biyu ne ake kira da suna ɗaya. Akwai ƙaramin baho na cikin ɗakin wanka, mai ɗaukar mutum ɗaya, wanda ake cikawa a kunna injinsa ya yi ta feso ruwa, in an gama a zubar. Akwai kuma babba, wanda akan kafa a tsakar gida ko a lambu, mai ɗaukar mutum huɗu zuwa shida suna zaune ruwa ya kai musu ƙirji. Shi wannan ba a zubar da ruwansa. Ruwa ɗaya ne ke zama a ciki wata uku ko huɗu, a rufe da murfi, ana ɗumama shi ana tace shi dare da rana. Ba wurin cuɗa jiki ba ne, sai ma mutum ya yi wanka da sabulu tukuna kana ya shiga. Wannan na biyu shi ne mai tsadar, kuma kusan duk wahalarsa daga wannan hali nasa na riƙe ruwa ta samo asali.

ASALINSA JINYA CE

Jacuzzi dai sunan wata zuriya ce ta mutanen arewacin Italiya. 'Yan'uwa maza bakwai ne suka yi ƙaura zuwa Jihar Kalifoniya ta Amurka, suka kafa kamfani a garin Berkeley a cikin shekarar 1915, suna sassaƙa farfelar jirgin sama. Har sun kai ga ƙera jirgi sukutum, amma a shekarar 1921 jirgin nasu ya faɗi ya kashe ɗaya daga cikinsu mai suna Giocondo. Sai suka wanke hannu daga sha'anin jirage, suka koma ƙera injin jawo ruwa daga rijiya domin manoma, ɗan'uwan irin wanda masu noman rani ke amfani da shi a fadama.

Autansu, Candido, yana da ɗa mai suna Kenneth, wanda tun bai wuce shekara biyu ba ciwon gaɓoɓi mai tsanani ya kama shi. Iyayen suka lura cewa yaron yana samun sauƙi duk lokacin da aka sa shi cikin ruwan ɗumi mai motsi a asibiti, amma zuwa asibiti ba kullum ba ne, ciwon kuwa kullum ne. Saboda haka uban ya ƙera wani ɗan inji wanda za a tsoma cikin bahon gida ya riƙa kaɗa ruwan. A shekarar 1956 kamfanin ya fara sayar da shi ga jama'a. Sai a 1968 wani jikan gidan, Roy Jacuzzi, ya haɗa baho da inji da bututu suka zama abu ɗaya. Zuriyar ta sayar da kamfanin a 1979, amma sunan ya riga ya bi kayan, kamar yadda akan kira kowane garin sabulu Omo. Kenneth kuwa ya rayu har shekarar 2017.

Zaman taro cikin ruwan ɗumi a waje kuwa wata al'ada ce dabam da ta yaɗu a Kalifoniya a shekarun 1960 da 1970, inda mutane suka riƙa sayen tsofaffin gangunan katako na masu tsima giya suna mai da su baho, suna kwaikwayon mutanen Japan waɗanda suka daɗe da al'adar jiƙa jiki cikin ruwan zafi da maraice. Bahon da ake sayarwa yanzu haɗin gambiza ne na waɗannan biyu, ganga daga nan, inji daga can.

KOWA DA KUƊINSA

A kasuwannin Amurka, inda aka fi cinikin wannan kaya, a farkon shekarun 2020 ana iya samun na roba wanda ake hurawa kamar tayar mota a kan abin da bai kai Dala 1,000 ba. Shi ne mafi araha, ana naɗe shi a ajiye, amma ba ya riƙe zafi, iska kawai yake hurawa cikin ruwan, kuma 'yan shekaru kaɗan yake yi ya fara yoyo. Araha ba ta ado. Sama da shi akwai na roba mai tauri wanda aka zuba a zubi ɗaya, daga wajen Dala 3,000 zuwa 5,000, ba shi da kyan gani sosai amma yana da juriya. Daga nan sai mai sheƙi, wanda aka yi da robar da ake kira akirilik aka kewaye shi da akwati, shi ne wanda aka fi gani a hotunan talla. Matsakaicinsa yakan kama daga Dala 5,000 zuwa 10,000, manyansa kuwa suna haura Dala 15,000.

To, mai saye a Nijeriya sai ya juya wannan lissafi zuwa Naira, kuma a nan ne ido ke raina fata. Kafin watan Yuni na 2023, lokacin da gwamnati ta saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, Dala ɗaya a hukumance ba ta kai Naira 500 ba. A farkon 2024 ta haura Naira 1,500. A wannan farashi, baho na Dala 8,000 ya zama Naira miliyan 12 tun yana can inda aka ƙera shi, ba a sa kuɗin jirgin ruwa ba, ba a sa kuɗin fito na kwastan ba, balle na motar da za ta ɗauko shi daga tashar Apapa zuwa Kano ko Yola. Ba kuma a kwance shi gunduwa-gunduwa. Yadda yake ɗin nan, faɗinsa wajen mita biyu ta kowane gefe, haka za a shigo da shi, don haka gidan da sai an bi ta zaure da soro kafin a kai tsakar gida, ko dai a fasa katanga ko a yi hayar injin ɗaga kaya.

Sa'an nan sai wurin ajiyewa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Baho mai ɗaukar mutum shida yana cin wajen lita 1,500, watau jarka 60 masu cin lita 25, kura biyar ko shida ke nan ta 'yan ga-ruwa. In aka haɗa nauyin ruwan da na bahon kansa da na mutanen da ke ciki, an wuce tan biyu. Masu ƙera shi sukan ce a yi masa daɓen kankare mai rodi, kaurinsa wajen santimita 10, a miƙe sarai, domin in ƙasa ta zauna ta gefe ɗaya jikin bahon na iya tsagewa, kuma kamfani ba ya ɗaukar wannan asara. Wanda ya yi niyyar ɗora shi a baranda ko a kan bene ba tare da injiniya ya duba ginin ba, da ransa da na mutanen da ke ƙasa yake wasa. Ban da wannan akwai rumfa saboda rana da ƙurar hunturu, akwai kuma shinge. Mutanen Kalifoniya ba su damu da wanda ke leƙe ba, amma magidancin da ya san darajar iyalinsa ba zai kafa musu wurin shiga ruwa a inda benen maƙwabci ke hangowa ba.

WUTA

Babban abin da ke cin kuɗi, wanda kuma ɗan kasuwa ba ya gaggawar ambata, shi ne wutar lantarki. Lissafin ba shi da wuya. Kafin a ɗaga zafin lita 1,500 na ruwa daga digiri 25 zuwa 38 a ma'aunin santigired, sai an ƙona wajen yunit 23 na wuta. Hita mai ƙarfin kilowat uku sai ta yi kusan awa takwas tana aiki ba tsayawa. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta sa kuɗin yunit ɗaya Naira 225 ga waɗanda ke rukunin A, watau masu samun wuta awa 20 a rana. A wannan farashi ɗumamawar farko kaɗai ta ci Naira 5,000 da 'yan kai. Wannan ba wani abin tashin hankali ba ne ga mai iya sayen bahon. Abin da ke tara kuɗi shi ne na yau da gobe, domin ruwan kullum yana hucewa, hita kullum tana mayar da abin da ya tafi, injin tacewa kuma yana juyawa ko ana ciki ko ba a ciki. A ƙaddara yunit biyar kacal yake ci a rana, a wancan farashi na Afrilun 2024, a shekara an wuce Naira 400,000.

Saboda haka ne waɗanda suka san kayan ba sa fara duba fitilu masu launi da rediyon da aka maƙala masa. Buɗe ƙofar akwatin suke yi su ga abin da aka cusa tsakanin jikin bahon da bangon waje. Mai kyau akan cika shi da soso mai riƙe zafi, mai araha kuwa akan bar shi fayau ko a fesa masa ɗan kaɗan. Murfin ma haka, domin mafi yawan zafin ta sama yake fita. Murfi mai kauri wanda ke rufewa ruf shi ne rabin tattalin wuta, kuma shi ma yana da wa'adi, bayan shekara uku zuwa biyar sosonsa yakan sha ruwa ya yi nauyi, sai an sake sabo.

Akwai kuma tarkon da masu yin oda da kansu ke faɗawa. Wutar Amurka dabam take da ta Nijeriya. Tasu tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, ta nan sau 50, kuma ƙananan bahunansu a kan bolt 120 aka yi su, alhali ta nan 230 ce. Taransifoma tana gyara ƙarfin wuta, amma ba ta gyara saurin bugawarta, don haka injin da aka yi wa Amurka yana iya yin rauni ko ya riƙa zafi har ya ƙone. Wanda aka ƙera domin Ingila ko sauran ƙasashen Turai shi ne ya dace. Lalle ne kuma a ja masa layinsa na kansa, da na'urar nan mai yanke wuta nan take in ta sami hanyar shiga ruwa. Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne.

Duk wannan lissafi kuwa an gina shi ne a kan cewa wutar tana nan. Masu ƙera bahon sun yi shi domin ƙasashen da ba a ɗauke wuta. Ƙaramin injin nan na gida mai ɗaukar fitilu da fanka da talabijin bai kai kilowat ɗaya ba, hitar kaɗai ta ninka shi uku. In wuta ta tafi kwana biyu, ba sanyin ruwan ne abin damuwa ba. Tsayawar injin tacewa ce, domin a lokacin an sami ruwa mai ɗumi, a rufe, ba ya motsi, wanda mutane suka shiga suka bar gumi da man shafawa a cikinsa.

RUWAN DA BA A ZUBARWA

A nan ne maganar ta wuce ta aljihu. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Legionella, wadda aka gano bayan ta kama tsofaffin sojojin Amurka a wani taro da suka yi a birnin Filadelfiya a shekarar 1976. Tana hayayyafa a ruwan da zafinsa ke tsakanin digiri 25 da 45, watau daidai inda bahon ke zama. Ba ta hanyar sha take kama mutum ba. Feshin da injin ke tayarwa shi ke ɗauko ta, mutum ya shaƙa, ta sauka a huhu ta zama ciwon huhu mai kisa, musamman ga tsofaffi da mashaya taba da masu raunin jiki.

A watan Fabrairu na 1999 aka yi wani baje kolin furanni a garin Bovenkarspel na ƙasar Holan. Wani mai sayar da irin wannan baho ya cika shi da ruwa ya ɗumama, ya bar shi yana tafasa kumfa domin jawo masu kallo, bai sa masa magani ba. Fiye da mutum 180 suka kamu, kimanin 30 suka mutu. Bayan shekara 20, a 2019, irin haka ta sake faruwa a wani baje koli a Jihar Karolina ta Arewa a Amurka, inda fiye da mutum 130 suka kwanta, huɗu suka mutu. Abin lura shi ne, waɗannan mutane ba shiga ruwan suka yi ba. Wucewa suka yi ta kusa.

Maganin abin sananne ne, amma aiki ne na kullum. Akan zuba sinadarin kulorin ko buromin, a riƙa auna shi da 'yar takardar gwaji sau da yawa a mako, domin zafi yana cinye kulorin da sauri. Akan wanke matatar ruwan, a sake ta in ta tsufa, a kuma kwashe ruwan gaba ɗaya bayan wata uku ko huɗu a wanke bututun. Ruwan burtsatse na waɗansu wurare yana barin farin dutse a jikin hita, irin wanda ake gani a gindin butar shayi, shi ma da maganinsa. Dukan waɗannan kuɗi ne, galibi kuma daga waje ake shigo da su. Mai saye ya fara tambayar kansa wane ne a gidan zai riƙe wannan aiki ranar da shi ya yi tafiya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Zafin kansa ma yana da iyaka. A ƙarshen shekarar 1979 hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka ta yi gargaɗi cewa kada ruwan ya wuce digiri 40, kuma ruwan da ya haura wajen digiri 39 yana iya cutar da ɗan tayi a watanni uku na farkon ciki. Dalili kuwa, mutumin da ke nutse cikin ruwan da ya fi jikinsa zafi ba ya iya hucewa ta hanyar gumi. Jijiyoyin jininsa sai su buɗe, zuciya ta ƙara sauri, in ya miƙe jiri ya ɗebe shi, kuma wanda ya sha barasa ko maganin barci yana iya sumewa ya nutse a ruwan da bai kai masa ƙugu ba. Wannan ba baƙon zance ba ne a ƙasar Hausa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa da wankan jego mai tsananin zafi, tare da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa da shan kunun kanwa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon sukari, likita zai fara gani kafin ɗan kasuwa.

Gidan da ke da yara kuwa, murfi mai makulli ba zaɓi ba ne. Akwai kuma kafar da injin ke zuƙar ruwa ta cikinta. A shekarar 2002 wata yarinya 'yar shekara bakwai, Virginia Graeme Baker, jikar tsohon sakataren harkokin wajen Amurka James Baker, ta mutu bayan wannan kafa ta zuƙe ta ta riƙe a ƙarƙashin ruwa, sai da maza biyu suka haɗa ƙarfi kafin suka ciro ta. Saboda ita ne Amurka ta kafa doka a 2007 a kan irin marfin da za a sa wa kafar. Baho mai kyau yana da kafofin zuƙa fiye da ɗaya, da marfi mai tudu wanda jiki ba ya iya toshe shi gaba ɗaya. Tsohon baho na hannu, ko wanda ba a san inda aka ƙera shi ba, nan ne wurin dubawa na farko.

A WAJEN CINIKI

Wata tambaya da ya kamata a yi tun kafin duk waɗannan ita ce, wata nawa za a more shi a shekara? Bahon yana da hita amma galibinsa ba shi da abin sanyaya ruwa. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, ba mai marmarin ruwan ɗumi daga watan Maris har saukar damina, amma ruwan yana nan yana neman magani da tacewa, ko kuwa a kwashe shi a bar bahon ga ɓeraye, waɗanda ba abin da suke so kamar soso da waya. Mutumin Jos ko na tsaunin Mambila zai fi cin ribar kuɗinsa. Wanda kuwa ciwon gaɓoɓi ne ya sa shi nema, ƙaramin bahon nan na cikin ɗaki wanda ake zubar da ruwansa ya fi kusa da abin da Candido ya yi wa ɗansa, ya kuma fi sauƙin kuɗi da sauƙin riƙo nesa ba kusa ba.

In dai an yanke shawarar saye, kada yawan kafofin feshi ya ruɗi mai saye. Ɗan kasuwa zai ce wannan yana da 60 wancan 30, alhali inji ɗaya ne ke tura musu ruwa, in kafofin sun yi yawa sai ƙarfin ya rarrabu. Adadin mutanen da aka rubuta ma a rage masa, domin bahon da aka ce na mutum shida ne, manya huɗu ne za su miƙe ƙafa a cikinsa. A can inda ake ƙera shi manyan shaguna sukan bar mai saye ya shiga ya gwada da ruwa, ya ji ko kujerar ta yi masa zurfi, ya kuma saurari ƙarar injin. Wanda ya zaɓa daga hoto ya yi cinikin biri a sama.

Takardar garanti kuma a karanta ta da idon basira. Akan rubuta shekaru masu yawa da manyan baƙaƙe, amma na jikin bahon ne, wanda ba kasafai yake lalacewa ba. Na inji da hita da allon sarrafawa, waɗanda su ne ke mutuwa, yakan fi gajarta, kuma da yawa daga kamfanonin ba sa ɗaukar ɓarnar da hawa da saukar wuta ya jawo, ko wadda ta faru a ƙasar da ba su da wakili. Mai saye ya nemi dillalin ya nuna masa hita da inji da matata na canji a cikin shagonsa, ya ga da idonsa, ya kuma nemi a haɗa shi da wanda ya saya a wurin shekara biyu ko uku da suka wuce, ya je ya ga ko bahon yana aiki har yanzu.